Noman Kabeji da Danginsa Daga Iri a Kumasi, da Yadda Ake Hutar da Fangali da Wake

Kabeji da danginsa shuke-shuke ne masu cin ƙasa. Abin da muke nema a jikinsu ganye ne, ganye kuwa sinadarin naitirojin yake sha. Shi ya sa fangalin da ya ba ka kai mai nauyi bana, in ka maimaita masa kabeji sau uku a jere, za ka ga kan yana ƙanƙancewa, tsutsa tana ƙaruwa, kuɗin magani yana cinye riba. Yawancin 'yan'uwanmu masu lambu a Kumasi, daga Gyinyase zuwa kwarurrukan da ke kewaye da jami'ar KNUST, ƙasar da suke nomawa ba tasu ba ce, kuma 'yar kaɗan ce. In ka ce wa mutum ya hutar da ita, sai ya tambaye ka da me zai ciyar da gida. Tambayarsa tana kan hanya. Abin da nake ba da shawara shi ne a raba lambun kashi huɗu, uku suna ɗauke da kayan kasuwa, ɗaya yana ƙarƙashin wake ko danginsa, ana juyawa. Don haka wannan jagorar ta haɗa aiki biyu da ba sa rabuwa: renon irin ganye, da shuka abin rufe ƙasa.

Fara da kalanda

Damina biyu muke da ita a nan. Babba tana farawa wajen Maris ta kai Yuli, a ɗan tsagaita a Agusta, ƙarama ta zo daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan hunturu ya shigo daga Disamba zuwa Fabrairu. Ruwan da Kumasi ke samu a shekara yana kai wa wajen milimita 1,400, kusan ninki biyu na abin da Akra ke samu, don haka matsalarmu a damina yawan laima ce, ba ƙarancin ruwa ba. Kabeji yana son sanyin dare da busasshiyar iska. In ka yafa iri a Oktoba ka dasa a Nuwamba, kan zai naɗe a cikin hunturu, lokacin da cutar ruɓewa ta yi sauƙi, sai dai tsutsa da darɓa sun fi yawa kuma ban ruwa yana wuyanka. A tsakiyar babbar damina kuwa, Mayu da Yuni, ruwa yana dukan ƙasa yana wanke taki. Wannan shi ne lokacin da ya fi dacewa kashin da ya fi gajiya ya shiga ƙarƙashin wake.

Zaɓen iri

A shagunan kayan gona na Kejetia da Adum, irin kabejin da aka fi sani su ne Oxylus da KK Cross, dukansu masu jure zafi. KK Cross yana saurin nuna, wajen wata biyu bayan dashe. Oxylus ya fi shi jinkiri da 'yan makonni, amma kansa ya fi tauri, ya fi jure ɗauka da zaman kasuwa, shi ya sa mata masu sari suke sonsa.

Kada ka tsaya kan kabeji kaɗai. Akwai danginsa da ba sa yin kai, ganyen ake tsinka. Ganyen Habasha, wanda a jikin fakiti za ka ga an rubuta Brassica carinata, yana jure zafi, yana saurin tashi, ana fara tsinkarsa wajen mako biyar zuwa shida bayan shuka, kuma yana shiga miyar tuwo sosai idan aka haɗa shi da alayyafo ko gyaɗa. Akwai kel, wanda mutanen Kenya ke ci kullum da tuwon masara, kuma ana iya wata da watanni ana tsinkarsa daga tushe ɗaya. Akwai fak-coi na mutanen Sin, mai farin kara, da ake cirewa cikin mako biyar zuwa shida. Wanda ke zaune a Aboabo ko Asawase ba shi da fili sai tsakar gida, waɗannan ukun su ne nasa, domin suna yi a buhu, bokiti ko tsohuwar taya, muddin an huda ƙasan abin ruwa yana fita, kuma an kare su daga awaki da kaji.

Sayi iri a cikin fakiti ko gwangwanin da ba a buɗe ba, ka duba ranar ƙarewa. Guji wanda aka baje a rana a kan tebur, domin zafi da laima suna kashe irin kabeji da sauri. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya wajen 250 zuwa 300, ke nan fakitin giram 10 ya haura ƙwaya 2,500. Wannan ya fi ƙarfin ƙaramin lambu nesa ba kusa ba, gara ku haɗa kuɗi da maƙwabcin fangali ku raba.

Kafin ka yafa, gwada shi. Ƙirga ƙwaya 20, jera su a kan tsumma mai laima, naɗe, ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa kullum. Bayan mako guda ka buɗe. In 15 ko fiye sun tsaga, iri yana da rai. In ƙasa da rabi ne, mayar wa mai shago.

In irin yana da launi a jiki, ja ko shuɗi ko kore, an riga an shafa masa magani. Kada ka wanke, kuma ka wanke hannu bayan taɓa shi. In kuwa iri ne da ka samu daga hannun wani, ba magani a jikinsa, ana iya gasa shi a ruwan ɗumi don kashe ƙwayar cutar baƙar ruɓewa da ke bin iri: digiri 50 na ma'aunin Selshiyos, minti 25 ga kabeji, minti 20 ga kel, minti 15 ga mustad, wani ganye ɗan gidan kabeji. Sai a tsoma a ruwan sanyi a shanya a inuwa. Wannan sai da ma'aunin zafi a hannu. In ba ka da shi, bar shi, domin ɗan ƙarin zafi kaɗan ya isa ya dafa irin.

Gadon reno

Nan ne ake cin riba ko a yi asara, kuma nan ne na fi ganin mutane suna gaggawa.

Zaɓi wurin da bai ɗauki kabeji ko danginsa ba a shekarun baya-bayan nan, nesa da tsofaffin fangalan da ke da tsutsa, kuma inda ruwa ba ya kwanciya. Faɗin gadon kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannunka zai kai tsakiya ba ka taka ba. Tudunsa santimita 15 zuwa 20, a damina ma ya fi haka. Farfasa ƙasa da fartanya, bi da manjagara, tsince duwatsu da saiwar aya-aya. Haɗa ta da ruɓaɓɓen taki mai laushi, wanda in ka damƙa ba ya wari, ba ya ɗumi.

Sai kashe cutar da ke cikin ƙasa. Hanya mafi araha ita ce tara busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa a kan gadon a cinna wuta ta ci a hankali, a bar shi ya huce kwana biyu. Wanda ke da lokaci zai iya jiƙa gadon ya lulluɓe shi da farar leda mai nuna ciki, ya danne gefuna da ƙasa, rana ta dafa shi mako huɗu zuwa shida. Wannan ya fi aiki a Fabrairu da Maris. Mai amfani da faranti na reno kuwa, ya turara ƙasar a rabin durom kafin ya zuba.

Kada ka watsa iri barkatai. Ɗauki ɗan kara ka ja layi a kwance, tazarar santimita 10 tsakanin layi da layi, zurfin kada ya wuce santimita ɗaya. Zuba ƙwaya da yatsu biyu, a warwatse, kada su hau juna. Rufe da ƙasa mai laushi, danna da tafin hannu, shimfiɗa busasshiyar ciyawa mara 'ya'ya a sama, sannan ka ba da ruwa da buta mai kan rariya. Butar da aka cire wa kai tana tono iri tana tara shi gefe guda.

Daga kwana na huɗu ka riƙa ɗaga ciyawar da safe kana leƙawa. Za ka ga 'yan kawuna fari-fari sun lanƙwasa suna ture ƙasa, kashegari su buɗe ganye biyu ƙanana masu tsaga a baki. Ranar da ka ga haka, kwashe ciyawar. In ka makara kwana biyu kacal, tsiron zai yi tsawo, ya yi fari, ya rasa ƙarfin tsayuwa, kuma ba ya dawowa daidai. Madadin ciyawar, kafa rumfar ganyen kwakwa mai tsayin kamu uku ko huɗu, wadda za ta tare zafin tsakar rana da dukan ruwan sama amma hasken safe ya shiga.

Abu biyu ke kashe reno. Na farko ruɓewar wuya: tsiro yana tsaye lafiya da yamma, da safe ka tarar ya kwanta, wuyansa daidai ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa. Cunkoso da yawan ruwa ke kawo shi. Maganinsa ban ruwa da safe kawai, rage tsiro har ya zama akwai faɗin yatsu biyu tsakaninsu, da cire wanda ya kamu tare da ƙasar gindinsa. Na biyu wata 'yar tsutsa ce mai baƙin kai da ke shiga tsakiyar tsiro ta saƙa yana ta cinye idon girma. Shukar da aka ci wa ido ba ta yin kai ɗaya, sai ta fito da 'yan kawuna da babu mai saye. Ba abin da ya kai raga maganinta. Lanƙwasa sanduna ko ƙarfen rodi a kan gadon, ɗora raga mai ƙananan ido, binne gefunanta da ƙasa tun ranar shuka. A nemi ragar da ba a jiƙa da maganin sauro ba, a kuma duba ko ta yage, domin huda ɗaya ta isa ɗan malam-buɗe-littafin da ke haifar tsutsar ya shiga ya yi ƙwai.

Bayan mako huɗu zuwa biyar, dashe zai kai ganye huɗu zuwa shida na gaske. Mako guda kafin a cire shi, rage ruwa, zare ganyen rumfa kaɗan-kaɗan har ya saba da rana. Dashen da ya kai mako bakwai a gado ya tsufa, kada ka ji tausayinsa.

Kuma kada ka yafa duk irinka rana ɗaya. Yafa kaɗan duk bayan mako biyu. Mata masu sari fangali guda suke saye, kuma in duk lambunka ya nuna tare, su ne za su yanka farashi, kai kuwa ba ka da ta cewa domin kabeji ba ya jira.

Shirya fangali da dashe

Kashin kaji yana samuwa a wadace a kewayen Kumasi, kuma taki ne mai ƙarfi, amma ɗanyensa yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar ciki. Yawanci yana zuwa gauraye da garin katako. Tara shi, jiƙa shi, rufe, kana juyawa, har ya daina zafi ya yi baƙi, wajen mako shida zuwa takwas. Kilo ɗaya zuwa biyu ya isa murabba'in mita ɗaya. Ɗanyen garin katako irin wanda ake kwasowa daga Sokoban kada a binne shi a fangali, domin wajen ruɓewa yana ƙwace naitirojin daga shuka, ganye ya yi rawaya. Ƙasarmu ta kurmi tana yawan tsami, kabeji kuwa ya fi son ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya kasance tsakanin 6 da 6.8. Tokar murhu tana rage tsamin, a barbaɗa ta daban, ba tare da kashin kaji ba. Mai son sanin halin ƙasarsa dalla-dalla zai iya kai samfuri Cibiyar Binciken Ƙasa da ke Kwadaso.

Dasa da la'asar sakaliya. Jiƙa gadon reno sosai tukuna, sa ɗan cokali ko kara ka ɗago kowane dashe da dunƙulen ƙasarsa, kada ka fizge. Duba tsakiyarsa: wanda ba shi da ido, ko karansa ya yi baƙi, jefar. Binne shi zuwa gindin ganyen farko, danna ƙasa da yatsu, ba da ruwa nan take. Tazarar kabeji santimita 40 zuwa 45 kowane gefe in matsakaicin kai kake so, 60 tsakanin layi in babba kake nema. A fangali mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 10, layi uku a tazarar 40 suna ɗaukar gindi 75. Kel yana son kusan irin wannan filin. Ganyen Habasha da fak-coi santimita 20 zuwa 25 ya ishe su, kuma ana iya shuka su kai tsaye a fangali a rage daga baya.

Bayan kwana 10 zuwa 14, in za ka ƙara takin zamani, murfin kwalba ɗaya na NPK 15-15-15 ya isa gindi guda. Binne shi faɗin tafin hannu daga kara. Ƙari na biyu kafin kai ya fara naɗewa. Bayan nan a daina, domin yawan taki a ƙarshe yana sa kai ya yi sako-sako ya ruɓe da wuri. Fangalin da ya fito daga ƙarƙashin wake sau da yawa ba ya buƙatar ƙarin na biyun.

Maganar ruwa tana buƙatar gaskiya. Rafukan da ke ratsa gari, irin su Subin, Aboabo da Sisa, suna kwasar ƙazantar kwata, kabejinmu kuwa ɗanye ake yankawa a kan shinkafa da wake, yaranmu ne ke ci. In da hali, haƙa 'yar rijiya nesa da bakin rafi. In babu, tara ruwan a rami ya kwana ya kwanta, ɗebi na sama ba tare da tayar da laka ba, zuba a gindi maimakon kan ganye, tsayar da ban ruwa 'yan kwanaki kafin yanka, sannan ka ɓare ganyen waje.

Tsutsa, darɓa da baƙar ruɓewa

Babbar abokiyar gabar kabeji 'yar koriyar tsutsa ce da ba ta wuce santimita ɗaya ba. Tana zama a bayan ganye tana kankare shi, ta bar fatar sama sirit har haske yana ratsawa. In ka taɓa ta sai ta yi ta mutsu-mutsu da baya ta sulale ta rataye da zare. A zafinmu, daga ƙwai zuwa uwa mai sake yin ƙwai wajen mako biyu ne, shi ya sa take saurin sabawa da magani. Tun 1953 aka gano ta daina jin maganin ƙwari na DDT a tsibirin Jawa na Indunisiya, kuma har yau duk maganin da aka dage mata da shi sai ta gagare shi. Ƙara ƙarfin haɗi ba ya kashe ta, sai dai ya kashe ƙananan zanzaro da gizo-gizon da ke cin ta.

Sau biyu a mako ka bi fangali kana juya ganye. In kaɗan ne, murƙushe da hannu. In sun fara yawa, akwai maganin ƙwayar halitta da ake kira Bt, wanda tsutsa kawai yake kamawa. A fesa shi da yamma domin rana tana kashe ƙarfinsa, kuma a kai ga bayan ganye. Ana musanya shi da ruwan 'ya'yan darbejiya: daka giram 50 na busassun 'ya'ya ga kowace lita ɗaya, ke nan giram 750 ga tankin feshi mai lita 15, jiƙa ya kwana, tace da ƙyalle, ƙara ɗan sabulu domin ganyen kabeji yana da santsi, ruwa ba ya zama a kansa. Wannan yana rage darɓa ma, wadda ke taruwa a ƙarƙashin ganye a hunturu har ya nannaɗe.

Ina roƙon 'yan'uwa da babbar murya: maganin feshin gonar koko na itacen koko ne. Yana samuwa ko'ina a yankin Asante, amma ba a yi shi don ganyen da za a ci ɗanye ba. Sayi wanda hukumar kare muhalli ta EPA ta yi wa rajista don kayan lambu, karanta kwanakin da aka ce a jira kafin yanka, ka cika su.

Baƙar ruɓewa kuwa ana gane ta da rawaya mai faɗi a bakin ganye da ke tsukewa zuwa ciki, jijiyoyin su yi baƙi. Ba ta da maganin warkewa. Tumɓuke wanda ya kamu ka fitar da shi daga lambu, kada ka shiga fangali ganye yana jiƙe, kada kuma ka bar kututturan kabeji a ƙasa bayan girbi. Ƙwayar cutar tana iya kai wa shekara biyu a cikin ragowar kara, kuma wannan shi ne babban dalilin juya fangali.

Abin rufe ƙasa

Duk abin da za ka rufe ƙasa da shi kafin kabeji, kada ya zama dangin kabeji. A ƙasashen sanyi suna shuka mustad don wannan aikin, amma a lambunmu gida kawai za ka gina wa tsutsa da cutar da kake gudu. Dangin wake muke so, domin saiwarsu tana da ƙulli-ƙullin da ƙwayoyin halitta ke zama suna jawo naitirojin daga iska. Kana iya gani da idonka: tumɓuke gindi ɗaya bayan wata guda, fasa ƙullin da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar naman kifi, aiki yana tafiya. In fari ne ko kore, ba ya komai.

Wake shi ne mafi sauƙin samu. Irin Asontem, na Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua, yana nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki. Shuka ƙwaya biyu a rami, zurfin santimita 3 zuwa 4, tazarar 60 tsakanin layi da 20 tsakanin rami. In rufe ƙasa ne babban burinka, nemi mai yaɗo ka matse layin. Sai dai a nan akwai abin lura ga mu masu kiwon ragon layya a zango. In ka roro waken, ka kuma kwashe harawar ka kai wa rago, mafi yawan abin da shukar ta tara ya bar gonar. Babu laifi a yi haka, amma kashin ragon ya dawo fangali. Kuma wasu irin wake suna riƙe tsutsar saiwa, wadda ke sa saiwar latas da tumatir ta kumbura. Bambancin ƙullin nan biyu shi ne, na alheri yana gefen saiwa yana ɓallewa da yatsa, na cuta kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura.

Inda tsutsar saiwa ta yi yawa, kurotalariya ta fi dacewa, wadda ake rubuta Crotalaria juncea. Tana tashi tsaye, mai furen rawaya, kuma tsutsar ba ta iya hayayyafa sosai a saiwarta. Giram 4 zuwa 5 na iri ya isa murabba'in mita. Yafa, bi da manjagara, ba da ruwa. Cikin mako shida zuwa takwas ta kai ƙirji. Sare ta da zarar ta fara fure, domin in ta wuce nan karan ya yi igiya, adda ba ta cinsa, ruɓewa ma ya yi wuya. Ita ce ta dace da ɗan tsakanin girbi da girbi. 'Yan'uwanta na daji da ke fitowa bakin hanya wasunsu guba ne ga dabbobi, kada a tsinko irinsu a ce ai duk ɗaya ne.

Ga ƙasar da ta mutu murus, ko wadda tofa ta mamaye, sai mukuna. 'Yar'uwar karara ce, amma wadda ake nomawa ba ta da ƙaiƙayin nan. Ƙwayarta babba ce, ana sa biyu a rami, zurfin santimita 4, tazarar 80 da 40. A makonni uku na farko tana tafiya a hankali, sai ka yi mata noma sau ɗaya. Daga nan ta ɗauki gudu, cikin wata biyu zuwa uku ba ka ganin ƙasa, tofa ta rasa rana ta shaƙe. Tana son wata huɗu ko fiye, don haka shuka ta a Afrilu ka sare a Agusta. Sai ka sa ido a gefuna, domin tana hawa ayaba, shinge da fangalin maƙwabci, kuma rigimar lambu daga irin wannan take farawa. Duk mako ka bi iyaka da adda. Shiga cikinta da takalmin roba saboda maciji. 'Ya'yanta kuma ba a dafa su a ci yadda ake cin wake, suna da sinadarin da ke bugarwa. Akwai kuma kanabaliya, mai manyan fararen ƙwaya, wadda ba ta yaɗo sosai kuma tana jure fari, don haka ta dace da shukar ƙarshen ƙaramar damina da za ta tsaya cikin hunturu.

Bayan sara, kada ka ƙona, kada ka kwashe. Daddatse ganye da kara ka bar su kwance a kan fangalin, saiwar ma a bar ta a ciki ta ruɓe. Jira mako biyu zuwa uku ya lafa. Ranar dashe ka buɗe shimfiɗar da hannu, ka yi rami, ka dasa, ka bar faɗin tafin hannu tsakanin kara da ciyawar, domin dodon koɗi da gyare suna fakewa a ƙarƙashinta. A kwanakin farko ka zaga da tocila bayan isha'i ka tsince su. Sa hannu ƙarƙashin shimfiɗar da azahar za ka ji ƙasa da sanyi da laima, alhali fangalin da ke tsirara ya bushe ya yi ɓawo. Ga mai ɗaukar buta biyu masu lita 15 daga rijiya, wannan raguwar zirga-zirga ce da ƙafaɗa ke shaidawa. A hunturu a share iyakar lambu saboda wutar daji. Wanda ke son ganin wannan tsarin a babban fili ya je Amanchia, kusa da Nkawie, inda Dokta Kofi Boa ke da cibiyar koyar da noma ba tare da kaftu ba.

Juyin da nake ganin ya fi dacewa da ƙaramin lambu shi ne: kabeji ko danginsa, sai albasa mai lawashi ko latas, sai alayyafo, ayoyo ko yakuwa, sai abin rufe ƙasa, sannan kabeji ya dawo. Kel, fak-coi da ganyen Habasha duk gida ɗaya suke da kabeji, bin ɗaya da ɗaya ba juyi ba ne.

Girbi da ajiye iri

Matsa kan kabeji da tafin hannu. In ya yi tauri, yanke shi da sassafe, ka bar ganye biyu ko uku su kare shi a buhu. In ya nuna ruwan sama ya same shi, fashewa yake. Kel da ganyen Habasha kuwa daga ƙasa ake tsinka, ganye biyu ko uku a gindi, a bar na tsakiya.

Kabeji ba ya fure a Kumasi domin sai ya sha sanyi mai tsawo, kuma iri mai alamar F1, wato iri mai aure, ko ya yi 'ya'ya ba sa gado daidai, don haka kowace shekara sai an saya. Ganyen Habasha yana fure a nan. Bar gindi goma mafi lafiya, waɗanda suka fi jinkirin fure, yanke su in kwanson ya yi ruwan ƙasa, shanya a kan buhu, murza, sheƙe. Irin mukuna, kanabaliya da kurotalariya yana da wuyar samu a shago, sau da yawa sai ta hannun malamin gona na gunduma ko wani manomi, don haka in ka samu, ware layi ɗaya a bakin shinge ka kafa masa sanda ya hau ya yi 'ya'ya. Shanya kowane iri har ƙwaya ta yi ƙaras in an ciza, zuba a kwalba ko galan mai murfi, ƙara busasshiyar toka, rufe gam saboda ƙwaro da laima, rubuta suna da wata a jiki, ka ajiye a ɗaki mafi sanyi, nesa da kwanon rufi da murhu.